Tirelar kwana ko mota mai ɗaki: amsa ga ɗan'uwan da zai kai iyali Shenandoah

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce kana so ka kai iyali dajin Shenandoah da ke jihar Virginia ta Amurka a hutun yara na watan Yuli, ku bakwai: kai da maiɗakinka da yara biyar. Kana da jif mai layin kujeru uku wadda takardarta ta ce tana jan laba 5,000, ka kuma ga tirelar kwana ta haya da aka rubuta nauyinta laba 4,300. Kana tambaya ko ka ja tirelar, ko ka yi hayar mota mai ɗaki a jikinta wadda ake tuƙawa kai tsaye. Na gwada su duka biyun a wannan dajin, kuma tafiyar tirelar saura ƙiris ta zama ajalinmu, shi ya sa ba zan amsa maka a gurguje ba.

Ga waɗanda ba su san abin ba: tirelar kwana ba irin ta dakon kaya ba ce. Ɗaki ne mai taya, da gadaje da kicin da banɗaki, ana maƙala shi a bayan mota. Ita kuwa mota mai ɗaki, injinta da ɗakinta jiki ɗaya ne.

Bari in fara da nauyi, don a nan ne na faɗi. Laba 4,300 da ka gani nauyin tirela ce fayau, ba ruwa, ba tukunyar gas, ba kayanku. Galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8, tankin galan 40 kaɗai ya wuce laba 330. Ka ƙara shinkafa, tukwane, barguna da kekunan yara, kafin ka ankara ka taɓa 5,000 ɗin. Amma ko wannan ba shi ne babban abin ba. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ƙarfen akwai wata takarda mai launin ɗorawa da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a kanta. Bakin tirela, wato gabanta da ake maƙalawa a mota, yana danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, wato laba 500 zuwa 750 a tirela mai 5,000, kuma wannan nauyin daga cikin abin da takardar ta ba ka ake cire shi. A ce an rubuta 1,400. Cire 650 na bakin tirela, cire kusan 80 na ƙarfen mahaɗi, saura 670 ga mutum bakwai. Kai da uwargida kun cinye rabi. Mota mai ɗaki ita ma tana da iyakarta, kuma akwai masu cika ta fiye da ƙima, sai dai injinta da birkinta da tayoyinta tun daga masana'anta an yi su ne don wannan ɗakin.

Ni ban yi wannan lissafin ba. Na karɓi tirelar a hannun wani mutum mai ba da tasa haya, ya nuna min yadda ake maƙalawa cikin minti goma, na kama hanya. Mu shida ne. Akwatin ƙanƙara cike da nama, buhun gawayi da kekuna duk na jibge su a can ƙarshen tirela saboda nan ne na ga fili, alhali ƙa'ida ita ce kusan kashi 60 na kaya ya zauna gaban tayoyi. Muna kan babbar hanya ta 66 mun nufi Front Royal, garin da ke bakin ƙofar dajin ta arewa, wata babbar motar dakon kaya ta wuce mu. Iskarta ta ture mu, sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Na kalli madubi na ga tirela ta leƙo ta hagu, ta koma ta leƙo ta dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi, tana jan bayan motar tare da ita. Maiɗakina ta riƙe kafaɗata tana ta Innalillahi, yaran kuwa tsit, ko tari babu. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta, kuma wannan shi ne abin da ba a yi. Abin da ake yi shi ne ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari sak, ka matsa ɗan hannun na'urar birkin tirela don ita kaɗai ta ja baya ta miƙe. Na'urar tana nan ƙasa da gwiwata, amma ba wanda ya gaya min amfanin wannan hannun. Allah ne kawai ya kiyaye muka gangara gefen hanya. Na fi minti goma zaune hannuna yana rawa kafin na iya fitowa na mayar da kayan gaba.

Mota mai ɗaki ma iska tana tura ta, tana da tsawo da faɗi kamar ƙaramar bas, sai ka riƙe ta da hannu biyu. Amma ba ta da gaɓa a tsakiya da za ta karya ta yi wannan tangaɗin. Wanda bai taɓa jan komai ba, cikin awa ɗaya zai fara sabawa da ita, kuma lasisin tuƙinka na yau da kullum ya isa ga irin girman da ake ba iyali haya.

Akwai wuri ɗaya a kan hanya da tirela ta fi, kuma ba ƙarami ba ne gare ka tunda ka ce autarku ba ta kai shekara biyu ba. Idan kana jan tirela, yara suna cikin motarku, kowa a kujerarsa da bel ɗinsa, jaririya a kujerar yara da aka ɗaure yadda ya kamata. Ba a zama cikin tirela tana tafiya, jihohi da yawa ma sun haramta. A mota mai ɗaki kuwa, kujerun baya sau da yawa na teburin cin abinci ne ko doguwar kujera mai kallon gefe, da bel na ƙugu kawai, kuma kujerar jarirai ba a ɗaure ta a wurin zama mai kallon gefe. Kafin ka biya ko sisi, ka je da kujerar yarinyar ka gwada da hannunka, ka kuma ƙirga bel ɗin ka ga sun kai bakwai. Yawan gadaje ba shi ne yawan bel ba.

Mu koma ga tafiyarmu. Ba mu yi nisa ba tayar tirela ta fashe. Da na duƙa na karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke jikinta, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, sai na ga ta haura shekara bakwai. Zanenta kuwa kamar sabuwa, domin tayar tirela zama ne ke kashe ta, rana da ajiya su busar da robar. Sifanar motata ba ta shiga notin tirelar ba, mai tirelar kuma bai sa tasa a ciki ba. Sai da muka yi kusan awa uku a bakin titi kafin taimako ya zo. Wannan na iya faruwa da mota mai ɗaki, ita ma ka duba shekarun tayoyinta, sai dai da tirela tayoyi takwas kake kula da su iri biyu, da safaya biyu, da kayan kwancewa biyu.

Wannan jinkirin ne ya jefa mu cikin dare. Hanyar da ta ratsa dajin, Skyline Drive, mil 105 ce a kan doron duwatsu, kuma ba a wuce gudun mil 35 a awa. Sansanin Big Meadows yana wajen mil na 51 daga Front Royal, wato awa ɗaya da rabi ko fiye na kwana-kwana da hawa da gangara, ga hazo, ga barewa suna tsallaka titi. Kusa da mil na 32 akwai ramin Marys Rock da hanya ta bi ta cikin dutse, tsayinsa ƙafa 12 da inci 8. Ko wacce ka ɗauka, ka san tsayinta har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka rubuta a takarda ka manna gaban sitiyari. A gangara kuma ka sa ƙaramar giya. Ni na dogara da birki har sai da muka ji ƙaurinsa a cikin mota.

Mun isa bayan ƙarfe goma, lokacin da dokar sansani ta ce a yi shiru. Yin ribas da tirela fasaha ce mai zaman kanta: ka juya sitiyari dama, ita ta tafi hagu. Maiɗakina tana baya da tocila, ba na jin muryarta, ba na son ɗaga tawa saboda maƙwabta. Sau bakwai ko takwas ina shiga ina fita, gumi ya jiƙa min riga duk da sanyin dutse. Wani dattijo Bature ya fito daga tantinsa da rigar barci, ya tsaya ta tagata ya ce in riƙe sitiyari ta ƙasa, in tura hannuna ɓangaren da nake so bayan tirela ya bi. A karo na biyu ta shiga. Har yau ina yi masa fatan alheri. Mota mai ɗaki ribas ɗinta irin na kowace mota ne, mutum ɗaya a baya yana nuna maka ya wadatar.

Da an ajiye tirela an kwance ta, to ranarta ta zo. Motarka ta zama taka: ku je kallon kwari daga wuraren tsayawa na bakin hanya, ku sauka garin Luray ku ga kogunan ƙarƙashin ƙasa, ku sayo burodi, ɗakinku yana nan yadda kuka bar shi. Da muka koma da mota mai ɗaki, wannan ne ya fi damuna. Duk fita sai an naɗe rumfa, an kulle kabad, an kwashe kofuna, sannan ka je kana neman inda za ka ajiye abu mai tsawon ƙafa 25 ko 30 a filin da aka yi don ƙananan motoci. Mai ma tana sha, mil 8 zuwa 10 a galan, kuma masu haya da yawa suna cajin kowane mil da kowace awa ta janareta. Kuɗin hayar tirela a dare ya fi sauƙi, amma in ka ƙara na mahaɗi mai rarraba nauyi da na'urar birki da sa su a motarka, ratar tana raguwa.

Wuta da ruwa kuwa, a Big Meadows ba a jona wa kowa, ko tirela ko mota. Da batir da tanki za ka rayu, janareta ma yana da awoyinsa. Batirin tirelarmu tsoho ne, ya mutu a daren farko, firij ya tsaya, famfon ruwa ya tsaya. Naman da muka sayo a shagon halal muka jiƙa da yaji don suya, washegari da yamma sai zubarwa, kuma a kwandon shara mai murfin ƙarfe, saboda dajin cike yake da baƙaƙen beyar, ba a barin abinci a waje ko na minti kaɗan. Mota mai ɗaki tana caja batirinta in ka tada inji, yawancinsu kuma da janareta a jiki.

Ga wani abu da masu ba da haya ba za su gaya maka ba don ba su san shi ba. Tankunan nan an auna su ne da mutanen da ba sa alwala sau biyar a rana, ba sa kuma tsarki da ruwa. A tafiyarmu ta tirela, mu shida, kafin Magaribar rana ta biyu tankin banɗaki ya cika, wari ya fara tasowa. Wurin zubarwa yana nan a sansanin, amma da tirela sai ka sake maƙala ta, ka ɗaga ƙafafunta, ka ja ta can, ka dawo ka sake wannan ribas ɗin. Da mota mai ɗaki aikin minti ashirin ne. Ko wacce ka zaɓa, ku cika butoci a famfon sansani ku yi alwala a waje, manya su riƙa amfani da banɗakin jama'a da rana, na ciki a bar wa yara da dare. Mu kwana huɗu muka biya, biyu muka yi muka tattara. Babbar 'yata ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida, ta tambaye ni ko dole ne mu sake.

Ra'ayina, ɗan'uwa: da wannan jif ɗin da mutum bakwai, kada ka ja wannan tirelar. Ka ɗauki mota mai ɗaki idan kujerar autarku ta ɗauru daidai. Idan ba ta ɗauru ba, akwai masu tirela da ke kai ta sansani su kafa maka, ku je da motarku ba ku ja komai ba, sai dai ka tabbatar dokar sansanin ta yarda da haka, ka kuma nemi wuri mai wuta da ruwa a wajen dajin, kusa da Luray ko Front Royal. Wuraren cikin dajin ana kama su ne a shafin intanet na Recreation.gov tun wata shida kafin ranar, na Yuli kuma ba sa jira. Ka ɗauko min hoton takardar nan ta jikin ƙofa da nauyin tirelar in ta cika, wanda aka rubuta a gefenta na hagu ta gaba, mu yi lissafin tare. A gaida iyali.