Garejin Gyaran Tsofaffin Volkswagen Beetle a Kaduna

Wannan ƙaramin gareji da ke kusa da kasuwar Panteka ya ƙware a kan Volkswagen Beetle, motar da ba ta da lagireto, domin iska ce ke sanyaya injinta da ke baya. Dattijon bakaniken ba ya saita bawul (ƙananan ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi a injin) sai injin ya huce sarai, kuma yana barin tazarar milimita 0.15 yadda ƙa'ida ta tanada. Yana kuma dagewa sai an mayar da duk faifan ƙarfen da ke kewaye da injin, saboda rashinsu ne ke sa shi ɗaukar zafi. Sai dai aikin yana jan lokaci, musamman wajen neman kayan gyara na asali, tunda an daina ƙera motar a Meziko a 2003, kuma fentin da garejin ke yi bai kai aikinsa na inji kyau ba.