Furotin ɗin madara ga mai juna biyu da jariri: wanne ya cancanci kuɗinki?

Gwangwanayen da ake tallatawa da sunan kare uwa da jariri daga ƙwayoyin cutar bairas kusan iri uku ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Laktoferin shi aka fi bincika. Furotin ne mai kama sinadarin ƙarfe, yana da yawa a dakashin uwa, kaɗan ne a madarar shanu, shi ya sa wanda ake tacewa daga madarar shanu yake tsada. A ɗakin gwaji an ga yana hana wasu bairas manne wa ƙwayoyin jiki. Amma abin da ya faru a kwalbar gwaji daban, jikin mutum daban. A Birtaniya an yi babban gwaji mai suna ELFIN a kan bakwaini sama da 2,000, sakamakonsa ya fito a 2019, kuma laktoferin bai rage kamuwa da cuta ba. Inda ya fi nuna amfani shi ne ƙarancin jini ga mai ciki, musamman wadda maganin ƙarin jini yake tayar mata da zuciya ko yake sa ta kumburin ciki. Idan wannan ce matsalarki, ki tayar da maganar a wajen awo kafin ki saya.

Garin dakashin saniya kuwa, garkuwar da ke cikinsa ta ɗan maraƙi ce, an yi ta ne don cututtukan shanu. Ni ba zan ba jariri shi ba, kuma ba zan ba mai ciki shawarar sa kuɗinta a kai ba.

Sai garin furotin da ake samu daga ruwan da ya rage bayan an yi cuku, irin na masu motsa jiki. Abinci ne kawai. Zai taimaki wadda ba ta samun isasshen furotin, ba ruwansa da bairas. Ki duba jikin gwangwanin: wasu ana zuba musu sinadarin kafin (irin wanda ke cikin kofi) da ganyayyaki da ba su dace da mai ciki ba. Wadda jikinta ba ya karɓar furotin ɗin madara, duka ukun ta nisance su.

Abin da ke damuna shi ne a saya wa jariri gari alhali dakashin mahaifiyarsa yana ɗauke da laktoferin da garkuwar da ta dace da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Gari kuma ba a tsarkake yake ba, ƙwayar cuta tana iya ɓuya a ciki.

Kariya daga bairas da aka tabbatar tana wajen rigakafi: allurar mura mai tsanani ga mai ciki, allurar ciwon hanta nau'in B ga jariri cikin awa 24 da haihuwa, da allurar RSV (bairas mai kama hanyoyin numfashin jarirai) da Amurka ta amince a yi wa masu ciki tun 2023. Ki tambayi ungozoma ko likita wacce ake samu a asibitin da kike awo.