Koren shayi, baƙi ko kafso: wanne za ka saya a Legas?

Ganyen shayin da ake sayarwa a Agege, Mile 12 da Idi-Araba duk daga itace ɗaya yake, sarrafawa ce ta raba shi. Koren ganye turara shi ake yi ko a gasa shi da zarar an tsinko, shi ya sa sinadarin katekin, musamman nau'insa da ake kira EGCG, ke zama da yawa a cikinsa. Baƙi kuwa, irin Lipton da Highland na tsaunin Mambila, barinsa ake yi ya sha iska har ya yi duhu, sai yawancin katekin ɗin ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai, ciki har da tiyaflabin.

A ɗakin gwaji an ga EGCG na manne wa furotin ɗin da bairos na mura ke kama ƙwayoyin jiki da shi, ya hana shi shiga. Tiyaflabin ma ya nuna irin wannan aiki. Sai dai kaɗan ne daga abin da ka kurɓa ke kaiwa jini, don haka kada mai kanti ya sayar maka da shayi da sunan magani. Ba ya maye gurbin riga-kafi ko ganin likita.

In katekin kake nema, ɗauki koren ganye, irin nannaɗaɗɗen nan na Sin da Buzaye ke dafa ataya da shi. Nemi rufaffen kwali mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. Na awo da ya daɗe a buɗe bar musu shi, danshin Legas na kashe ƙamshinsa, ya jawo masa fumfuna. Cokalin shayi ɗaya, wajen giram 2, ya ishi kofi. In ruwa ya tafasa sauke shi ya ɗan huce zuwa digiri 80, zuba ganyen, minti 3 ka tace. Daɗewa a kan garwashi ɗaci yake fitarwa, ɗacin kuma shi ke sa a cika sukari.

Baƙi ya fi jure ajiya, yana son tafasasshen ruwa, minti 3 zuwa 5. Furotin ɗin madara na kama wani ɓangare na sinadaransa, gara a sha shi zalla.

Kafso, wato ƙwayar da ake ɗura wa sinadarin da aka tatso daga koren shayi, shi ne abin tsoro. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta danganta shan miligiram 800 na EGCG ko fiye a rana ta wannan hanya da alamun taɓuwar hanta. Mai ciki da mai ƙarancin jini kuma su bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, saboda yana rage sinadarin ƙarfen da hanji ke tsotsa.