Bayan Shinkafa, Tailan Tausa Take Sayarwa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da yara da Inna. Na dawo Manchesta ranar Lahadi, Talata na koma bakin aiki, sai yau na samu sukunin zama in amsa tambayar da kika yi ta jefo mini a waya: me ya kai ni Tailan ni kaɗai, me kuma na samo. Na san ran Inna bai so ba da ta ji wai tausa na je koyo. Ki karanta mata wannan a tsanake.

Shekarata shida ke nan a gidan kula da tsofaffi. Ɗaga wannan, juya wancan, sunkuya, miƙe, har bayana ya fara yi mini magana. A nan idan kina son ganin masu gashin ƙashi kyauta, layi za ki bi na makonni. Idan kuma ta kuɗi za ki yi, awa ɗaya ta tausa fam 50 ce ko 60. Wata abokiyar aikina 'yar Tailan ce ta taɓa zaunar da ni a kujera lokacin hutu, ta ɗora gwiwar hannunta a kafaɗata minti goma, daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Tun ranar na ƙudurta a raina, na tara hutuna na shekara, a watan Nuwamba na ɗauki jaka.

Abu na farko da zai ba ki mamaki shinkafa ce. Wadda muka tashi muna kira 'yar Tailan, turararriyar nan mai buhu da ake shigo da ita ta Kwatano, ban gan ta a kwanon kowa ba. Ta fitarwa ce, mu da Larabawa ake yi wa ita. Su tasu fara ce mai ƙamshi, hom mali suke ce mata, a arewacin ƙasar kuma mai danƙo suke ci a ɗan ƙaramin kwando, a gutsura da hannu a dangwala kamar tuwo.

Kwana uku na yi a Bankok, kuma dalilin tsayawata wuri ɗaya ne, Wat Po, gidan ibadar mabiya Buda da ke kusa da kogin Cawo Paraya, gab da tsohuwar fadar sarki. Jama'a gunkin Buda kwantacce mai tsawon mita 46 suke tururuwar gani. Ni bango na je kallo. Sarki Rama na Uku, wanda ya yi mulki daga 1824 zuwa 1851, shi ya sa aka tattaro ilimin magungunan ƙasar aka sassaƙa shi a allunan dutse aka manna a rumfunan wurin, don duk mai so ya zo ya karanta. Akwai zanen jikin mutum gaba da baya, da layuka da ɗigo-ɗigo masu nuna inda ake dannawa. A tsakar gidan kuma ga mutum-mutumin tsofaffi masu zaman daji, kowa ya lanƙwasa jikinsa iri daban, suna nuna yadda mutum zai yi wa kansa miƙa. A wannan gida aka buɗe makarantar maganin gargajiya da tausa a 1955, a Disambar 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa tausar, wadda suke kira nuwat tai, cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Yaya, ina tsaye gaban allunan nan sai Kaka ta faɗo mini. Kin tuna yadda mata ke kawo mata jarirai masu kukan dare, ta kwantar da su a cinya ta bi su da man kaɗanya gaɓa-gaɓa? Kin tuna ranar da kika yi targaɗe a bakin rijiya? Duk abin da ke hannun matar nan ƙasa ta rufe shi tare da ita. Ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Sai da na nemi inuwa na zauna.

Daga Bankok jirgin ƙasa na dare na hau zuwa birnin Ciyang Mai da ke arewacin ƙasar, tafiyar sama da kilomita 700, awa goma sha uku ko kusa da haka. Akwai tarago na mata da yara zalla, nan na kama gado. Da dare ya yi ma'aikaciya ta zo ta mayar da kujeru gadaje, ta shimfiɗa zanen gado wankakke, ta ja labule. Kuɗinsa bai kai abin da nake biya daga Manchesta zuwa Landan ba, a zaune.

Makarantar da na shiga ƙarama ce, a wani lungu bayan tsohuwar ganuwar garin. Mako biyu, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe tara zuwa huɗu, jimla awa 60 ban da hutun rana. Mu goma sha biyu ne, daga Japan, Faransa, Burazil da sauransu, ni kaɗai ce baƙar fata, ni kaɗai mai hijabi. Ga amsar abin da ya fi damun Inna: ba a tuɓewa, ba a shafa mai. A wannan tausa mutum yana sanye da riga da wando masu faɗi, a kan katifa siririya a ƙasa. Ranar farko na gaya wa malamar cewa da mata kawai zan yi gwaji, ta ce to, ba ta ƙara ko kalma ba. Kowace safiya kuma suna da wata al'ada, wai kuru, suna durƙusawa su haɗa hannu su yi karatun girmama Jiwaka, likitan da aka ce shi ya yi wa Buda magani a Indiya, wanda suka ɗauka uban wannan sana'a. Na ce mata addinina bai yarda in yi ba. Ta nuna mini tabarma a baya, ta ce in zauna har su gama. Azahar ta yi, ita da kanta ta buɗe mini ɗakin ajiyar tawul in yi salla. Ƙasar tana da Musulmi da yawa, musamman a kudu, ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Aikin kansa daga tafin ƙafa ake farawa a haura zuwa kai. Rigingine, sai gefe, sai rub da ciki, a ƙarshe a zaune. Ana aiki da tafin hannu, da babban yatsa, da gwiwar hannu, da gwiwa, har da ƙafa. Kwana uku na farko yatsuna kamar za su ɓalle, don da ƙarfin tsiya nake dannawa irin na cuɗa fulawa. Malamar ta kama kafaɗuna ta gyara mini zama, ta miƙar mini da hannuwa, ta ce in jingina kawai, nauyin jikina ya sauka da kansa, in jira mai kwanciya ta saki numfashi sannan in ƙara. Nan na gane sirrin yadda 'yar ƙaramar mace mai shekara sittin take yin mutum shida a wuni ba ta gaji ba. Wannan darasi kaɗai ya biya ni kuɗin jirgi, don yanzu haka nake juya tsofaffina a gado, bayana kuma ya yi shiru.

Suna koyar da cewa akwai manyan hanyoyi goma a jiki, sen, da suka taso daga wajen cibiya, iska ke bi ta cikinsu, in ta maƙale sai ciwo. Da na ji haka sai na tuna mutanenmu da “sanyi ya shige ni”. Ni da na ɗan yi karatun sassan jiki a nan, na san in aka buɗe mutum ba za a ga waɗannan hanyoyi ba. Amma na lura yawancin layukan gefen tsoka suke bi, da inda jijiyoyi ke wucewa, wato daidai inda ciwon yake taruwa. Bayanin nasu ne, ban karɓe shi duka ba, hannun kuwa yana sauka inda ya dace. Kalmomi uku suka fi yawo a ɗakin: jep, da zafi, bawo bawo, a hankali, sabai, da daɗi. Kuma an ja mana kunne sosai kan waɗanda ba a taɓawa: mai zazzaɓi, mai sabon ciki, mai gudan jini a ƙafa, mai kumburarrun jijiyoyi, tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, mai hawan jinin da bai daidaita ba.

Ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta ƙullin ganye, luk parakop. An baje mana kurkur, da tsauri mai ƙamshin lemo, da wata saiwa dangin citta da suke kira palai, da ɓawon lemon tsami irin nasu, da ganyen tsamiya, da kafur, da gishiri. Muka daka a turmi, muka ƙulle a farin ƙyalle kamar ƙullin daddawa babba, aka turara, aka riƙa dannawa a jiki da zafinsa. Ganyen tsamiya, Yaya! Na tambayi malamar wa aka fi yi wa, ta ce masu jego. Sai ta ba ni labarin yu fai, zaman wuta: a ƙauyukansu mace in ta haihu kusa da garwashi take kwanciya kwanaki, tana shan ruwan zafi, ana gasa mata jiki. Na ce mata mu ma muna da wankan jego da ganye da tafasasshen ruwa, da kunun kanwa, har kwana arba'in. Ta riƙe baki. Su dai yawancinsu sun rage wutar, sun mayar da abin hidimar da ake zuwa gida a yi wa mai jego da lokaci ƙayyadadde, da kuɗi sananne. Mu kuma har yanzu likitocinmu na fama da mu kan yawan kanwa da ruwan da ke sale fata.

To ga inda nake son ki tsaya ki duba da kyau. A Ciyang Mai shagon tausa ya fi shagon caji yawa a Kano. Farashi a rubuce yake a ƙofa, awa ɗaya bat 250 zuwa 300 na kuɗin ƙasar a shagunan talakawa, bai kai fam 8 ba. Kina shiga za ki cire takalmi, a wanke miki ƙafa a kwano, a ba ki kayan canji, a tambaye ki inda ke ciwo. Awa ɗaya awa ɗaya ce. In an gama a kawo miki shayin citta. A bango ga takardar izini, don tun 2016 suna da dokar da ta wajabta wa shagunan nan rajista da ma'aikatar lafiya, masu aikin ma sai sun yi horo. Makafi suna da shagunansu, hannunsu kuwa sai wanda ya gwada. Gidan yarin mata na garin ma yana da wurin da fursunonin da suka kusa fita ke yi wa jama'a tausa, su fito da sana'a a hannu. Na je, na bi layi, na ji daɗin aikinsu. Sannan doka ta keɓe sana'ar ga 'yan ƙasa: baƙo ya zo ya biya ya koya, amma ba zai yi aiki da ita a can ba.

A Ingila takarda ce a gaba: inshora, fom, sa hannu, sannan a taɓa ki, kuma talaka ba ya iyawa. A gida hannun yana nan, albarkar tana nan, amma ungozoma ta wuni tana gasa mai jego, a ƙarshe a sallame ta da sabulu da ɗan naman suna da “abin da ya sawwaƙa”. Shi ya sa 'yarta ba ta son gadonta. Masu dilka da halawa sun riga sun nuna ana iyawa, tunda sun sa wa gyaran amare farashi kuma ana biya ba gardama.

Ba komai ne zuma ba. Gidajen banza masu fakewa da sunan tausa suna nan a wasu tituna, su suka ɓata sunan sana'ar har ya iso kunnen Inna, amma daga ƙofa ake gane su. Wani shago da na shiga, matar waya take yi da hannu ɗaya tana danna ni da ɗayan, na ce jep har sau uku ba ta ji ba, na kwana biyu da tabo a cinya. Takardar awa 60 kuma ba ta mayar da kowa gwani, na ga waɗanda ita kawai suka zo karɓa. Abinci ma sai da lura, naman alade ko'ina, sukari har a miya. Ni unguwar masallacin Ban Ho na lazimta, na Musulmin da kakanninsu suka zo daga Yunan ta ƙasar Sin, kusa da kasuwar dare. Nan nake cin kawo soi, taliya a romon kwakwa da kaza.

Na ba wa mai zuwa Kano mako mai zuwa saƙo: ƙullin ganye busasshe guda huɗu, man zafi kwalba uku, da wandon nan mai faɗi guda biyu. Ƙullin a yayyafa masa ruwa, a turara a madambaci kamar minti goma sha biyar, ki fara gwada zafinsa a cikin damtsenki kafin ki ɗora wa kowa. Kafaɗa da bayan Inna kawai. Ƙafar nan tata mai kumburi kada a taɓa sai likita ya duba. Sannan don Allah ki je wurin Goggo da wayarki, ki sa ta faɗi duk ganyen da Kaka ke haɗawa a ruwan jego, da yadda take kama jariri, da inda take fara dannawa, ki ɗauki muryarta ki turo mini. Na sayi littafi mai kauri tun a Ciyang Mai, na cika rabinsa da zanen malamata, sauran rabin na bar wa Goggo.