HandBrake ta bar min bidiyo a 25 ɗinsa, amma a kula da saitin da take zuwa da shi

Takaici ne ya kai ni ga HandBrake, manhajar kwamfuta mai rage nauyin bidiyo. Wata manhajar waya mai rage nauyin bidiyo ta karɓi aikin biki da aka ɗauka da kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, ta mayar da shi 30 ba tare da tambaya ba. Nauyi ya ragu, kala bai taɓu ba, amma duk inda kyamara ta juya gefe sai hoton ya riƙa ɗingishi. Don 25 ta cika 30, dole a maimaita hoto ɗaya cikin kowane biyar, wato sau biyar a kowace daƙiƙa motsi na ɗan cijewa. Masu biki ba su san sunan matsalar ba, cewa kawai za su yi edita bai iya aiki ba. Ga shi da yawan masu ɗaukar biki a nan 25 ko 50 suke saita kyamara, saboda lantarkinmu 50Hz ne, a 30 kuwa wasu fitilun ɗakin taro kan yi ta ƙyaftawa a hoto.

HandBrake kyauta ce, kuma gyaran bai da wuya. Ka fara buɗe fayil na asali daga kyamara a MediaInfo, wata manhaja mai nuna bayanan bidiyo, ka ga ainihin adadin hotonsa a daƙiƙa. A HandBrake ka shiga shafin Video, wajen Framerate ka zaɓi "Same as source", ka sa "Constant Framerate", RF, wato ma'aunin ingancin hoto, tsakanin 20 da 24 in girman bidiyon 1080p ne. Fayil ya fito 25 cif, motsi sumul, baki da murya a tare. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Bidiyon waya ma ya amfana, domin waya kan ɗauka da adadi mai hawa da sauka, shi ne ke sa murya ta riga baki in an zuba shi a wasu manhajojin tace bidiyo. "Constant Framerate" na daidaita shi.

Sai dai yabona yana da iyaka. Saitin da take buɗewa da shi, "Fast 1080p30", ya kafa 30 a matsayin ƙololuwa. Bidiyon 25 zai wuce lafiya, na 60 zai rabu biyu daidai, amma na 50 za a zubar masa da hoto biyu cikin kowane biyar, tazarar ta daina daidaita, ɗingishin ya dawo. Wanda bai leƙa shafin Video ba zai faɗa wannan rami bai sani ba. Kuma duk lokacin da ka canja saiti daga jerinta, zaɓinka na iya gogewa, don haka ka adana naka da sunan da za ka gane. Babu ta a Android kuma, sai kwamfuta.

In kwantena, wato nau'in fayil, kawai za ka sauya, kamar MKV zuwa MP4, kada ma ka wahalar da HandBrake, don sai ta sake matse bidiyon gaba ɗaya. FFmpeg, wata manhaja da ake rubuta wa umarni, da umarnin "-c copy" za ta kwashe shi yadda yake.

Wajen turawa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har 2GB kuma fayil ɗin na isa yadda ka fitar da shi. YouTube kuwa na karɓar 25 da 50 kai tsaye, babu dalilin mayar da su 30 kafin ɗorawa.