Akwatin tiransisto iri 20, bayan shekara biyu ina aiki da shi

Shekara biyu ke nan da na sayi wani akwatin roba mai gida-gida ta intanet, cike da manyan tiransistoci iri 20, kowane iri guda biyar. Tiransisto ɗan kayan lantarki ne mai ƙafa uku, da shi ƙaramar wuta take kunna babba ko ta sarrafa ta. Abin da ya sa na saya shi ne na gaji da ajiye aiki da tsakar dare saboda rashin ƙwaya ɗaya. Ni ba injiniya ba ne, haɗe-haɗen sha'awa nake yi: juya fanka da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni), rage hasken igiyar fitilun LED, ƙaramin amfilifaya, irin waɗannan dai. Kwanan nan na buɗe akwatin ina neman wani abu, sai na lura fiye da rabin gidajen ko taɓa su ban yi ba, wasu huɗu ko biyar kuma sun zama wayam tuntuni, har na sake sayo su daban.

Wanda na fara ɗora wa buri shi ne TIP120, don kusan duk darasin Arduino da na taɓa gani da shi ake yi. Darlington ne, wato tiransisto biyu a cikin gida ɗaya, ɗaya yana tura ɗaya, dabarar da Sidney Darlington ya fito da ita a cibiyar bincike ta Bell Labs a farkon shekarun 1950. Daɗinsa shi ne ba ya neman wuta mai yawa a ƙafar bes, wadda ta nan ake kunna shi, yana ninka abin da ka ba shi sau 1,000 ko fiye, saboda haka ƙafar Arduino da rizisto ɗaya sun ishe shi. Yana ɗaukar bolt 60 da amfiya 5. Na haɗa shi da igiyar fitilu mai bolt 12 da ke jan kusan amfiya 2, fitilu suka kama, na ji daɗi. Bayan minti biyar na kai yatsa bayansa, ban san lokacin da na janye hannu ba. Da na ɗora mita, sai na ga fiye da bolt ɗaya yana zubewa a jikinsa. Bolt ɗaya da ɗoriya sau amfiya 2, ya haura wat 2 ke nan, duk ya koma zafi. Ba lalacewa ya yi ba, halinsa ne: takardar bayaninsa ma ta ce a amfiya 3 abin da yake ci zai iya kaiwa bolt 2.

A nan na koyi abin da ya fi duk lambobin da ke jikin akwatin amfani. Idan ka ga an rubuta wat 65 a kan tiransisto mai gidan TO-220, wato baƙin gida mai ƙarfe a baya irin na TIP120, wannan lissafin wanda aka ɗaure a jikin ƙarfen shanye zafi ne, bayansa yana nan a digiri 25. Shi kaɗai a iska, kowane wat ɗaya yana ƙara masa zafin kusan digiri 62. Wat 2 ya kai shi bakin iyaka. Mai sayarwa ba zai gaya maka wannan ba, manyan lambobin yake bugawa a murfi.

Daga nan na koma kan IRLZ44N, kuma shi ne gidan da ya fara ƙarewa. MOSFET ne, wato irin tiransiston da ƙarfin bolt ke buɗewa ta ƙafar da ake kira get, yana ɗaukar bolt 55, kuma bolt 5 ɗin Arduino ya isa ya buɗe shi sosai. Idan ya buɗe, turjiyarsa ba ta wuce kusan 0.025 na om ba. A igiyar fitilun nan, abin da yake ɓatawa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba. Na bar shi ya kwana yana aiki ba tare da ƙarfen shanye zafi ba, da safe na taɓa na ji shi kamar ba a kunna ba. Tun daga ranar, duk aikin da ya shafi kunnawa da kashewa, famfon ruwa ne, fanka ce, ko fitila, shi nake fara ɗauka. Ina sa masa rizisto ɗan ƙarami, om 100 zuwa 220, a kan ƙafar get, da wani mai om 10,000 daga get zuwa ƙasa (layin −), don kada ya kunna kansa lokacin da allon yake tashi. Idan abin da zai kunna yana da naɗin waya a ciki, dayod mai kare shi daga wutar da naɗin ke mayarwa idan an kashe ba ta da makawa, 1N4007 ta isa rile (makunni mai aiki da maganaɗisu) da ƙananan ayyuka.

Amma a kula da harafin nan na L. A akwatin akwai IRF540N da IRFZ44N, marasa L a sunansu, ga su nan kamar an tsaga kara da shi, ƙafafu iri ɗaya, gida iri ɗaya. Su kuwa bolt 10 suke so a get kafin su buɗe gaba ɗaya. Ƙofarsu takan fara motsi ne a ko'ina tsakanin bolt 2 da 4, don haka idan ka ba su bolt 5 za su yi aiki, sai dai rabi-rabi, kuma idan kaya sun yi nauyi su ɗau zafi. Wannan ya fi ƙin aiki gaba ɗaya haɗari, don sai ka yi zaton komai lafiya. A kan alluna irin su ESP32 ko Raspberry Pi masu bolt 3.3, wata ƙwayar ta buɗe, wata ta ƙi. Shi kansa IRLZ44N ɗin, takardarsa ba ta yi alkawarin komai ƙasa da bolt 4 ba, shi ya sa a irin waɗannan allunan nakan sa ɗan ƙaramin tiransisto kamar BC337 ya riƙa tura shi idan kayan suna da nauyi.

TIP41C da abokinsa TIP42C, bolt 100 da amfiya 6, ba na kunnawa da kashewa nake ajiye su ba. Na gwada, ba su biya ni ba. Ninkinsu kaɗan ne, a amfiya 3 zai iya sauka zuwa 15, kuma in kana so su buɗe sosai sai ka ba bes kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da kayan ke ja. Amfiya 3 na nufin miliamfiya 300, ƙafar Arduino kuwa 20 aka shawarta. Ina aka fito, ina za a je? Wurin da suke cin kuɗinsu shi ne amfilifaya da abin daidaita wuta, inda ake so tiransisto ya tsaya a tsaka-tsaki.

A kansu ne kuma na yi ɓarnar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ɗaure biyun a ƙarfe ɗaya, na shafa farin man nan mai taimaka wa zafi wucewa, na ɗaure sukuru tsaf, na kunna. Sai ƙara "fat", fis ya tsinke, ɗaki ya ɗau warin ƙonewa. Na manta cewa ƙarfen bayan TO-220 a haɗe yake da kolekta, wato ƙafar tsakiya, kuma a haɗin da na yi kolektar ɗaya tana kan layin +, ta ɗayan tana kan layin −. Na haɗa su da hannuna. Yanzu takardar maika da robar sukuru, masu hana wuta bi ta ƙarfen, suna gida ɗaya da tiransistocin, don kada in sake cewa na manta.

BD139 da BD140 su ne ba su da suna amma kullum ana nemansu. Bolt 80, amfiya 1.5, ƙaramin gidan TO-126. Sun cike giɓin da ke tsakanin 'yan ƙananan irin su 2N2222 da manyan. Abu ɗaya: idan rubutu yana kallonka, ƙafafunsu emita, kolekta, bes ne, su kuwa 'yan gidan TIP bes, kolekta, emita. Na juya ɗaya baibai sau biyu kafin abin ya zauna min a kai.

Sai maganar jabu, wadda ita ce babban ƙorafina ga wannan akwati. Akwai TIP3055 a ciki, ɗan'uwan 2N3055 ɗin nan da kamfanin RCA ya fitar a farkon shekarun 1960, mai bolt 60 da amfiya 15. Na sa ɗaya a abin daidaita wuta, a jikin ƙarfe mai kauri, ya mutu bai kai amfiya 3 ba. Na sa na biyu, shi ma ya bi sahu. Haushi ya sa na matse gawar a bakin filaya na fasa, sai ga ɗan silikon a ciki bai kai ƙwayar ridi biyu ba, zaune a tsakiyar fili. Na goga auduga mai sifirit a fuskar na uku, rubutun ya bi audugar. Mita ba ta nuna wannan, jabu ma yakan ci jarrabawar mita lafiya lau, sai an ɗora masa kaya asirinsa yake tonuwa. Daga baya na sayi guda huɗu a wajen dillalin da kamfanoni suka amince da shi, ɗaya daga cikinsu yana nan yana aiki a wannan haɗin har yau.

Zan sake sayen irin wannan akwati? A'a. Ga wanda bai taɓa riƙe tiransisto ba, yana da ɗan amfani, zai ga gidaje kala-kala, zai ƙona wasu ba tare da zuciyarsa ta yi zafi ba. Amma guda biyar-biyar ba su isa komai ba a irin da kake amfani da shi, sun kuma yi yawa a irin da ba ka taɓawa. Abin da ke cikin aljihun teburina yanzu: IRLZ44N guda 20, BD139 da BD140 goma-goma, TIP41C da TIP42C shida-shida, IRF9540N guda uku don ranar da zan katse wuta ta ɓangaren layin +, da TIP122 biyu da na bari saboda gyaran tsofaffin alluna. Akwatin robar kansa yana da kyau, murfinsa yana kamawa gam, na zazzage sauran a leda na mayar da shi gidan sukurori.