Tiyatar gyaran goshi: wadda ta cancanci kuɗinta da wadda ba ta kai ba

Asibitocin kwalliya a Turkiyya, Tailan da Sifaniya suna tallata tiyatar da ke rage tudun ƙashin da ke saman gira, goshi ya zama sumul irin na mata. Likitan da ya kafa tsarinta shi ne Douglas Ousterhout na San Faransisko a Amurka, wanda ya wallafa bayaninta a 1987, kuma akasarin waɗanda ya fara yi wa masu sauya jinsi ne. Yau matan da ba su sauya jinsi ba, masu gira mai tudu, su ma suna nemanta. A ganinmu aiki ne mai kyau idan ya faɗa hannun gwani, amma ana sayar da abubuwa biyu daban da suna ɗaya, kuma mai arahar ba ya yi wa yawancin mutane aiki.

Dalili yana cikin ƙashin ne. Bayan tudun gira akwai kogon iska da ke haɗe da hanci, kuma bangonsa na gaba siriri ne, 'yan milimita kawai. Wanda kogonsa ƙarami ne ko bangon na da kauri, ana iya goge masa tudun da injin goge ƙashi a gama. Wannan shi ne nau'i na 1, mai arahar, kuma 'yan kaɗan ne ya dace da su. Mafi yawan mutane tudun nasu bangon kogon ne da kansa ya turo waje. Idan aka yi ta gugarsa, ko dai a tsaya da wuri tudun yana nan, ko a zarce a huda kogon. Abin da ke yi musu aiki shi ne nau'i na 3: a yanko bangon gaba ɗaya, a daidaita shi a kan tebur, a mayar da shi ciki kaɗan, a ɗaure da ƙananan faranti da kusoshin ƙarfen tayitaniyam ko da waya. Akwai nau'i na 2, inda ake gugar kaɗan sannan a cike saman tudun da simintin ƙashi, amma wannan ɓoye tudu yake yi, goshin kuma ya ƙara cika.

Ba a gane nau'in da ya dace da mutum ta hoton waya. Sai da hoton CT, wato hoton na'urar asibiti da ke nuna ƙashi daki-daki. Duk asibitin da ya yanke farashi ya ba da rana bai nemi wannan hoton ba, mu dai ba mu ba shi maki ko ɗaya.

Ana yin aikin ne da allurar barci, kimanin awa 2 zuwa 3 idan goshi kaɗai ne. Wurin yanka shi ne abin da ya fi cancantar dogon zama da likita. Ko dai a yanka cikin gashi daga kunne zuwa kunne, tabon ya ɓuya, ko a bi bakin gashin gaba, wanda ke ba da damar sauko da gashin santimita 1 zuwa 2 ga mai faɗin goshi, amma tabon yana fili. Ga baƙar fata wannan ba ƙaramin zaɓi ba ne, domin tabo mai kumbura ya yi tsiro ya fi yawa a cikinmu. Wadda hujin kunne ya taɓa yi mata tsiro ta faɗa wa likita tun ranar farko. Cibiyar Facialteam da ke Marbella a Sifaniya ta yi suna da wata dabara: yanka cikin gashi, sannan a ciri saiwar gashi daga fatar da aka rage a dasa ta a gaban goshi a zama ɗaya.

Gwanintar likita tana fitowa ne a wurare biyu da ba a cika dubawa ba. Na farko gefen ramin ido na sama, wanda idan ba a goge shi ba idon zai ci gaba da zama a lungu ko da tsakiyar goshi ta kwanta. Na biyu mahaɗar goshi da karan hanci: a tura goshi ciki a bar wurin yadda yake, sai ya fito kamar matakala. A nemi hotunan aikin likitan ta gefe, waɗanda aka ɗauka bayan shekara guda.

Jinya ta fi yadda talla ke nunawa nauyi. Kumburi yakan kai maƙura a kwana na 2 zuwa na 3, ya sauko fatar ido har wasu su kasa buɗe ido sosai. Ana kwana da kai a ɗage bisa matasai, a cire ɗinki tsakanin kwana 7 da 10. Makonni da dama ba a fyace majina, atishawa kuma da baki buɗe, don kada iska ta tura ƙashin da aka ɗaure. Sujada ma abin tambaya ce, tun da ita ce ke ɗora nauyi a daidai wurin, sai likita ya faɗi ranar komawa. Tsakiyar kai takan daina jin taɓi na watanni saboda jijiyoyin ji da ke fitowa ta saman ido, gashi kusa da yankan yakan zube ya sake tsirowa, kitso mai ja kuwa sai tabon ya yi ƙwari. Siffar ƙarshe ba ta bayyana sai wata 6 zuwa 12.

Matsalar da ta fi damunmu ita ce toshewar hanyar da kogon ke zubar da majina cikin hanci. Majinar takan taru ta zama ƙunshi mai danna ƙashi, kuma tana iya ɓuya shekaru kafin ciwon kai ko kumburin ido ya tona ta. Shi ya sa muka fi yarda da likitan ƙashin fuska da ƙoƙon kai a kan likitan kwalliya na gama-gari. Wadda za ta yi aikin a waje ta karɓo rahoton tiyata da hoton CT na bayan aiki kafin ta hau jirgi, domin su ne likitan hanci da kunne na gida zai fara nema ranar da goshin ya yi ciwo.